Guzurin Nama da Hatsi: Tarihin Busasshen Abincin Matafiya a Arewacin Amurka

Kalmar guzuri a Hausa tana nufin abin da matafiyi ya tanada domin ci a hanya, har malamai suka ɗauke ta suka kai ta fagen wa'azi, suna yi wa mutane gargaɗi su yi guzurin Lahira. A wannan maƙala ma'anarta ta farko muke nufi. Abin da za mu bi diddiginsa shi ne wani irin fate na naman shanu da hatsi, wanda masu yawon daji a ƙasashen Amurka da Kanada sukan dafa a gida, su busar da shi ƙayau, su ƙulle a leda, su goya cikin jaka tare da bargo da tanti. In sun yada zango da maraice sai su zuba masa tafasasshen ruwa su ci. Wanda ya ga wannan ƙulli zai zaci sabon abu ne da ya zo tare da lantarki. Alhali kuwa yana da tarihi mai tsawo, an yi fatauci a kansa, an zubar da jini, wata dabba ta kusa ƙarewa daga doron ƙasa, wasu al'ummu kuma sun faɗa cikin yunwa.

Tushen maganar duka nauyi ne. Tsokar saniya marar kitse kusan kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari ruwa ce, watau wanda ya ɗauki kilo huɗu na ɗanyen nama, kilo uku ruwa ya ɗauka, ga shi kuma ruwan nan ne ke gayyato ruɓa. Hatsi busasshe ne tun daga rumbu, amma ba ya ciwuwa sai an dafa shi, dahuwa kuwa tana cin lokaci da itace. Kitse shi ne na uku. Giram ɗaya na kitse yana ba jiki kalori 9, giram ɗaya na tsoka busasshiya ko na garin hatsi kuwa bai wuce 4 ba. Saboda haka kowace al'umma mai doguwar tafiya tilas ta san yadda za ta raba nama da ruwansa, da yadda za ta rage wa hatsi wahalar dahuwa, da kuma abin da za ta yi da kitse. Amsar tambaya ta uku ce ta fi canjawa cikin wannan tarihi.

Masara da ɓauna

Tun kafin Turawa su sa ƙafa a nahiyar, mutanenta sun warware tambayoyi biyu na farko. A tsaunukan Andes na Kudancin Amurka masu harshen Quechua suna yanyana naman dabbobinsu su shanya, suna kiransa ch'arki. Sifaniyawa suka ari kalmar, daga bakinsu kuma ta shiga Ingilishi ta zama sunan busasshen nama har yau. A gabashin Arewacin Amurka kuwa masara ce guzuri. Akan gasa ta cikin toka mai zafi, a kakkaɓe, a daka ta zama gari, matafiyi ya zuba a 'yar jakar fata ya ɗaura a ƙugu, in yunwa ta taso ya ɗebi kaɗan ya kora da ruwa. Roger Williams ya bayyana wannan gari a littafinsa na 1643 a kan harshen mutanen Narragansett, waɗanda ya yi tafiya tare da su. A Meziko sunansa pinole. Hikimar da ke ciki ita ce an riga an dafa hatsin kafin a tashi, don haka ba sai an hura wutar da za ta tona asirin mayaƙi ko maharbi ba.

Amma abincin da ya fi kowane tasiri a tarihin nahiyar shi ne pemikan. Kalmar daga harshen Cree take, kuma tushenta shi ne kalmarsu ta kitse. Wannan kansa abin lura ne ga mai nazarin harshe: ba da nama suka raɗa wa abincin suna ba, da kitse suka raɗa masa. Aikin mata ne tun daga farko har ƙarshe. In maza sun kashe ɓauna, watau babbar ɓaunar nan mai tozo ta filayen Amurka, mata su ne za su yanyana naman fale-fale, su rataya a rana da iska ko bisa 'yar wuta har ya bushe ƙarau, sa'an nan su shimfiɗa shi a kan fata su bubbuge shi ya zama kamar dambu. Daga nan sai a narkar da kitse, a haɗa da ɓargon da aka tafaso daga fasassun ƙasusuwa, a kwarara a kan dakakken naman, kusan awo ɗaya na nama awo ɗaya na kitse. Wani lokaci akan ƙara busassun 'ya'yan itatuwa. Sai a ɗura cikin buhun ɗanyar fatar ɓaunar a ɗinke tun da sauran ɗumi. In ya huce ya daskare kamar dutse, iska ba ta samun hanyar shiga, yana iya shekaru bai ɓaci ba.

Kilo ɗaya na wannan haɗi yana ɗauke da kalori fiye da 6,000, alhali kilo ɗaya na gero ko masara kimanin 3,500 ne. Guzuri ne mai ƙarfi ƙwarai bisa gwargwadon nauyinsa; zallan mai ya fi shi, amma mutum ba ya iya rayuwa da shi kaɗai.

Fataucin fatu

Abin da ya fitar da pemikan daga tantunan masu shi ya kai shi kasuwa shi ne fataucin fatun dabbobi masu laushin gashi, waɗanda ake yin huluna da riguna da su a Turai. Kamfanoni biyu ne suka yi gasa a kai: Hudson's Bay, wanda Sarkin Ingila ya ba izini a 1670, da North West, wanda 'yan kasuwar Montreal suka haɗa a 1779. Hanyar North West doguwa ce ƙwarai. Daga Montreal zuwa tafkin Athabasca tafiyar mil kusan 3,000 ce cikin kwalekwalen ɓawon itace, kuma koguna ba sa buɗewa daga ƙanƙara sai kamar wata biyar a shekara. Duk inda ruwa ya yanke ko ya yi gangara, matuƙa za su sauke kaya su ɗauka a baya, ɗauri biyu kowane mutum, kowane ɗauri laba 90. Mutanen da ke tuƙi tun asuba har dare ba su da lokacin farauta, kwalekwalen da aka cika da abinci kuma ba shi da wurin haja.

A rabin hanya na gabas, daga Montreal zuwa Grand Portage a bakin tafkin Superior, hatsi ne abincinsu: busasshen wake da naman alade mai gishiri, ko kuma masarar da aka tafasa da ruwan toka aka cire mata dusa, a dafa ta da ɗan kitse. Yamma da nan kuwa ba a noma, sai pemikan. Peter Pond, wanda ya isa yankin Athabasca a 1778, shi ne akan ambata a matsayin Baturen da ya fara gane amfaninsa ga harkar. Cikin 'yan shekaru aka kafa rumbuna a bakin hanya, kamar Cumberland House da kuma mashigar kogin Winnipeg, inda kwalekwale ke tsayawa a ɗora buhuna, kowane buhu laba 90 daidai da ɗaurin haja. Rabon mutum a yini laba ɗaya da rabi ne na pemikan, a maimakon laba takwas na ɗanyen nama ko kifi. Da irin wannan guzuri Alexander Mackenzie ya ƙetare duwatsu ya kai Tekun Fasifik a 1793.

A nan ne muka fara ganin kakan faten da muke magana a kai. Matuƙan ba kullum suke gutsurar pemikan haka nan ba. In an yada zango akan sare guntu da gatari a jefa cikin tukunyar ruwa, a kaɗa garin alkama ko masara, wani lokaci da albasar daji, har ya yi kauri. Sunan wannan fate rubabu. Busasshen nama, da hatsi, da kitse, da ruwan da aka ɗebo a inda aka sauka: duk abin da aka yi bayan wannan gyare-gyare ne a kan wannan tsari.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi gida, don a gane bambanci. Fataken Hausa da ke bin hanyar Gwanja daga Kano zuwa Salaga neman goro su ma watanni suke yi a hanya, kuma sun san kilishi da dambun nama da dakuwa da garin fura. Sai dai hanyarsu ta ratsa ƙasashe masu noma, akwai zango, akwai kasuwa, akwai mata masu sayar da tuwo, madugu kuma ya san inda za a kwana. Saboda haka guzuri a wurinsu abin cike giɓi ne tsakanin gari da gari. Wanda ya fi kama da matuƙan Kanada shi ne ayarin Buzaye masu ƙetare Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri, waɗanda dole su ɗauki geron da za su ci da ciyawar raƙumansu tun daga inda suka tashi. Inda babu zango, mai riƙe da guzuri shi ne mai riƙe da hanya.

Wannan kuwa shi ne ya jawo rikici a kogin Red River. A 1812 Lord Selkirk, wanda ke da babban hannun jari a Hudson's Bay, ya kawo manoma daga Sikotilan ya zaunar da su a daidai wurin da hanyar abincin North West ta ratsa. Baƙin suka rasa abin ci. Ranar 8 ga Janairu 1814 gwamnansu, Miles Macdonell, ya yi shelar hana fitar da pemikan da sauran abinci daga yankin har shekara guda. Ko da niyyarsa ciyar da mutanensa ce, ma'anar shelar a fili take: kwalekwalen abokan gasa ba za su kai Athabasca ba. Ta kuma taɓa Metis, watau al'ummar da ta samo asali daga auratayya tsakanin matuƙa Turawa da matan ƙasar, waɗanda yin pemikan ya zama sana'arsu. Aka shiga ƙwace da ƙone-ƙone, har ranar 19 ga Yuni 1816 aka yi arangama a Seven Oaks, cikin birnin Winnipeg na yanzu, tsakanin Metis ƙarƙashin Cuthbert Grant da mutanen sabon gwamna Robert Semple. Semple da mutum ashirin daga nasa suka mutu. A 1821 aka haɗe kamfanonin biyu suka zama ɗaya.

Haɗewar ba ta rage buƙatar ba, sai ma ta bar mai saye guda ɗaya yana yanka farashi yadda ya so. Alexander Ross ya ƙirga amalanke 1,210 da suka fita farautar bazarar 1840 daga Red River kaɗai. Buhu guda kuwa yana cin kusan ɓauna guda, kuma mata aka fi kashewa saboda sun fi kitse da taushin nama, abin da ke karya garke tun daga tushe. Ba pemikan kaɗai ya ƙarar da ɓauna ba. A ɓangaren Amurka cinikin fata da layin dogo da manufar soja sun yi ɓarnar da ta fi wannan nesa ba kusa ba. Amma a filayen Kanada ciyar da matuƙa ya daɗe yana cin garken. Zuwa 1879 ɓauna ta ɓace daga can, kuma a 1889 William Hornaday ya ƙiyasta saura kimanin dubu ɗaya a duk nahiyar, daga miliyoyi masu yawa. Mutanen Cree da Blackfoot da suka ciyar da fataucin shekara ɗari suka shiga yunwa, gwamnatin Kanada kuma, wadda ta yi alkawarin agaji lokacin yunwa a yarjejeniya ta shida ta 1876, ta mai da rabon abinci abin tilasta musu komawa keɓaɓɓun yankuna.

Ƙoƙarin masana'antu

A Turai wata hanya dabam aka bi, kuma a ganina hanyar ɓata ce. Tunanin masanan lokacin shi ne ƙarfin nama yana cikin romonsa, don haka in aka tafasa nama aka kwashe kitsen, aka ƙafe romon har ya zama kamar ƙaro, an samu nama a dunƙule. Rundunar ruwan Ingila ta fara raba wa jiragenta irin wannan daskararren romo tun shekarun 1750. Meriwether Lewis ya sayi laba 193 nasa a Philadelphia a 1803 domin tafiyarsa da William Clark zuwa yamma. Da suka maƙale cikin tsaunukan Bitterroot a Satumba 1805 suka buɗe shi, bai kashe musu yunwa ba, sai da suka yanka 'yan dukushinsu. Dalili kuwa shi ne tsokar da kitsen, inda abincin yake, su ne aka zubar.

Gail Borden na Texas ya maimaita wannan kuskure da ɗan gyara. Ya ƙafe romon naman shanu ya kwaɓa da garin alkama ya gasa ya zama biskit, wanda za a farfasa a tafasa ya zama fate. Ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1850, ya ci babbar lambar yabo a baje kolin Landan na 1851. Sojan Amurka suka gwada suka ce ba daɗi, ba ya kuma ƙosarwa. Borden ya yi hasarar dukiyarsa, sai daga baya ya farfaɗo da madarar gwangwani, wadda ya yi wa rajista a 1856. A wannan zamani ne kuma Faransawa suka fara matse busassun ganyaye da saiwoyi su zama kamar tubali, aka ciyar da sojoji da su a yaƙin Kirimiya da yaƙin basasar Amurka, sojojin suna ci suna tsaki.

Wanda ya dace shi ne wani mai dafa abinci a Barlin, Johann Heinrich Grüneberg, a 1867. Ya haɗa garin wake da kitse da gishiri da kayan yaji ya ɗura su kamar tsiran Turawa, a yanki guntu a dama cikin ruwan zafi. Sojan Prussia suka ci shi a yaƙinsu da Faransa na 1870 zuwa 1871, kamfanin Knorr ya karɓi yin sa a 1889 bai daina ba sai 2018. Babban abin da ya bambanta shi da biskit ɗin Borden shi ne kitse. Masu binciken ƙarshen duniya su ma da suka tashi, ga pemikan suka koma, wanda kamfanonin Turai ke yi musu da naman shanu. Mutanen Robert Scott a Antatika suna narkar da shi da farfasasshen biskit su sha da zafi, watau rubabu ke nan da wani suna. Roald Amundsen, wanda ya riga su isa tsakiyar kudu ranar 14 ga Disamba 1911, nasa pemikan an haɗa shi da garin hatsi da ganye tun daga masana'anta, ya kuma riƙa ciyar da mutanensa ɗanyen nama a hanya. Rabon mutanen Scott, masu jan kaya da ƙarfin jikinsu, bai kai abin da suke ƙonawa a yini ba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ba su dawo ba.

Tafiya don nishaɗi

Abin da ya rage shi ne yadda guzurin fatake da sojoji ya zama na masu hutu. Bahaushe zai yi mamakin mutumin da ke da mota da gado ya goya kaya ya shiga daji ba farauta ba, ba fatauci ba. Amma al'ada ce da ta kafu a Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da birane suka cika, mutane suka fara ganin daji a matsayin wurin hutawa. John Muir, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892, da busasshen burodi da ganyen shayi yake hawa duwatsu. Horace Kephart, a littafinsa na 1906 a kan zaman daji, ya yi dogon bayani game da garin gasasshiyar masara da pemikan da haɗin waken Jamus, wanda ke nuna cewa har lokacin ba a wuce su ba. A 1937 aka kammala hanyar ƙafa ta tsaunukan Appalachian, mai tsawon mil fiye da 2,000, Earl Shaffer kuma ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe a 1948. Dick Kelty ya fara sayar da jakar goyo mai ƙarfen alminiyam a 1952. Dokar kare dazuzzuka ta 1964 da ta hanyoyin ƙafa ta 1968 suka buɗe ƙofa, matasa suka kwarara.

A daidai wannan lokaci aka sami sabuwar dabarar busarwa. A Yaƙin Duniya na Biyu an koyi adana ruwan jini da maganin fenisilin ta hanyar daskarar da su, a zuƙe iskar da ke kewaye, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba. In aka yi wa dafaffen abinci haka, ba ya motsewa. Guraben da ƙanƙara ta bari suna nan kamar soso, da an zuba ruwa sai ya shanye nan take. Sojan Amurka suka fito da irin wannan abinci a 1964 domin 'yan sintirin da ke nisa cikin dajin Biyetnam. Wani kamfani a garin Albany na jihar Oregon, wanda ke yi wa soja wannan aiki, ya fara sayar wa farar hula a 1969 da sunan Mountain House. Ashe dai mutanen Andes sun daɗe suna yi wa dankalinsu makamancin haka, su bar shi sanyin dare ya daskarar, su tattake, rana ta busar.

Abincin kamfani yana da tsada da yawan gishiri, ba kowa ke son ɗanɗanonsa ba. Tun daga shekarun 1970 akwatin busarwa mai aiki da lantarki ya fara shiga gidaje: faifai ne a jere, da abin ɗumama iska, da fanka. Da shi ne aka dawo da aikin cikin madafi, kuma tsarin da masu yawon daji suka daidaita a kansa ya cancanci a bayyana shi, domin kowane mataki nasa yana da dalili.

Akan sayi niƙaƙƙen naman shanu wanda kitsensa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Kafin a ɗora a wuta akan cuɗa shi da garin busasshen burodi, kamar rabin kofi ga laba guda. Dalilin haka shi ne iska mai zafi, saɓanin daskarewa, tana sa zaren nama ya motse ya ƙandare, har su kansu masu yin sa suna kiransa tsakuwa. Garin burodin da ke tsakanin zaren shi ne ke janyo ruwa ciki daga baya. Sai a dafa naman har ya nuna sosai. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ba da shawarar zafin cikinsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas kafin a fara busarwa, saboda ɗumin akwatin ba ya isa ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma ƙwayar da ta bushe a hankali takan ƙara jure wa zafi. Ba tsoro ne na banza ba: a 1995 wasu mutane a Oregon sun kamu da mugun nau'in ƙwayar E. coli daga naman barewa da aka busar a gida. Bayan dahuwa sai a tsiyaye kitsen, wasu har su ɗauraye naman da ruwan zafi, a baza a faifai a kan digiri 63 ko sama da haka, har ya bushe ƙarau.

Hatsin, ko sha'ir ne ko shinkafa ko alkama, shi ma sai an dafa shi ya nuna tukuna a busar da shi. Ɗanyen sha'ir yana cin kusan sa'a guda a wuta, kuma a kan dutse ya fi haka, domin a tsayin mita 3,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 90. Mai goyon jaka kuwa ɗan risho ne da shi da 'yar tukunyar gas wadda ita ma a bayansa take, ga shi a wurare da dama na tsaunukan Sierra Nevada an hana hura wutar itace in an wuce wani tsayi. Hatsin da ya taɓa dahuwa ya bushe ba ya bukatar dahuwa ta biyu, jiƙo kawai yake so. Wannan ba baƙon ilmi ba ne gare mu. Duk matar da ta kankare ƙanzo daga gindin tukunyar tuwo ta shanya ta ajiye, ranar da ta so ta jiƙa ta yi kwaɗo, da wannan ƙa'ida take aiki, haka ma mai jiƙa garin rogo. Karas da albasa da tumatir ana busar da su dabam a zafin da bai kai na nama ba, kamar yadda ake yi wa kuɓewa da kaudar tumatir, sa'an nan a auna kowane a haɗa rabon dare ɗaya cikin leda ɗaya. A zango sai a zuba ruwa ya rufe shi, a bari ya tafasa, a kashe wuta, a lulluɓe tukunyar kamar minti goma zuwa goma sha biyar.

A lura da abin da ya faru da kitse. Matan Cree sun ɗauke shi a matsayin rabin abincin, har suka ba abincin sunansa. Mai busarwa na yanzu kuwa ɗauraye shi yake yi ya zubar. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya sani ba ne, yanayin ajiyar ne ya bambanta. A cikin pemikan kitsen an narkar da shi an kore ruwansa, ya lulluɓe kowane ɓarɓashin nama, an kuma ɗinke shi cikin fata a ƙasa mai sanyi, iska ba ta taɓa komai sai bayan buhu. A cikin faten zamani kuwa naman warwatse yake kamar tsaki, duk ɗan kitsen da ya rage a jikinsa yana fuskantar iska ta kowane ɓangare, cikin 'yan makonni sai ya canja wari da ɗanɗano. Amma jiki bai canja ba. Mutumin da ke tafiyar mil ashirin a yini da kaya a baya, in ya dogara ga tsoka da hatsi kaɗai, ko dai ya ninka nauyin guzurinsa ko ya rame, kuma maharban arewacin Kanada sun daɗe da sanin ciwon da ke kama wanda ya zauna a kan naman zomo marar kitse. Saboda haka abin da aka fitar ta ƙofa sai aka shigo da shi ta taga: ana ɗaukar man zaitun ko soyayyen man shanu a 'yar kwalba dabam, a zuba cokali ɗaya ko biyu cikin tukunya bayan an sauke.

Kilishi ya bi wata hanya ta uku wadda ba ta Cree ba ce ba kuma ta masu lantarki ba. Mahauci yana fere kitsen dabbar tun wajen yanyanawa, ya shanya tsokar, sa'an nan ya tsoma ta cikin labu na tunkuzar gyaɗa da kayan yaji, ya sake shanyawa, ya gasa. Maiƙon da ke cikinsa na gyaɗa ne, kuma gashin ƙarshe yana yin aikin da ma'aikatar noman Amurka ke nema a yi tun farko. Sai dai an yi shi ne don a tauna, ba don a jiƙa a dafa ba, shi ya sa bai haɗu da hatsi cikin tukunya ɗaya ba. Fura ce ke biye da shi a ƙwarya dabam.

Su kuwa zuriyar masu pemikan ba su bar abin ya tafi gaba ɗaya ba. Mutanen Lakota suna da nasu haɗin na busasshen naman ɓauna da kitse da 'ya'yan itace, wanda suke kira wasna. A 2007 wani ƙaramin kamfani na 'yan ƙabilar a yankin Pine Ridge na jihar South Dakota ya fara sayar da shi a sabuwar siffa da sunan Tanka Bar, da naman ɓaunar da aka sake kiwatawa daga 'yan tsirarun da suka tsira a ƙarni na 19, kuma shagunan kayan yawon daji suna cikin waɗanda suka saya.